Jar fitilar baƙin mai a mota: ma'anarta, dalilan kunnuwarta da yadda ake gyara

A cikin fitilun gargaɗi da ke allon gaban direba, babu wadda jinkirin kula da ita ke jawo asara cikin gaggawa kamar jar fitilar nan mai siffar buta da ɗigon mai a bakinta. Direbobi da dama na ɗauka cewa tana nuna baƙin mai ya ragu ne kawai. Ainihin abin da take aunawa shi ne ƙarfin da man ke zagayawa da shi a cikin inji. Mota na iya kasancewa cike da mai har bakin geji amma fitilar ta kunnu, domin man yana kwance a ƙasa, ba ya isa inda ake bukatarsa.

Yadda man ke zagayawa

Baƙin mai na taruwa ne a kaskon da ke ƙarƙashin inji, wanda kanikawa ke kira botom filet, kuma a yawancin ƙananan motoci yakan ɗauki lita 4 zuwa 5. Famfon mai yana zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa kirankishaf da saman inji. Tsakanin kirankishaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu akwai tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma man da ake turowa da ƙarfi shi ke cike ta, ya hana ƙarfe gogar ƙarfe. Da zarar ƙarfin ya faɗi, metal ya fara cinyewa, zafi ya hau, cikin 'yan mintuna sai a ji an ce inji ya buga.

Abin da ke kunna fitilar wani ɗan makunni ne da aka ɗaure a jikin inji, wato oyil siwic. A motoci da yawa ba ya kunna ta sai ƙarfin mai ya sauka ƙasa da kimanin rabin ba, alhali inji mai lafiya da ke kan tafiya yakan ba da ba 2 zuwa 4. Ma'ana, lokacin da direba ya ga jan haske, lamarin ya riga ya yi nisa. Tsofaffin motocin Volkswagen irin su Golf, da suka cika tashoshin mota a Arewa, suna da makunni biyu: ɗaya na lura da ƙarfin mai idan inji na silo, ɗayan kuma idan juyinsa ya haura 2,000 a minti, tare da ƙararrawa mai tsiwa. Wasu motocin kuma suna da fitila ruwan ɗorawa mai irin wannan siffa, wadda ke nuna raguwar yawan mai. Ita wannan tana ba da damar a ƙarasa inda za a ƙara mai, amma jar ba ta ba da wannan dama.

Idan ta kunnu a kan hanya

Abin yi shi ne a kauce gefen titi, a kashe inji nan take, a kunna fitilun haɗari, a ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku. A kan babbar hanya ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Bayan minti biyar zuwa goma, idan man ya gangaro ƙasa, sai a zaro sandar geji a goge, a mayar, a sake zarowa, motar tana tsaye a wuri mai daidaito. Tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin motoci kusan lita ɗaya ce. Idan man ya yi ƙasa, a ƙara irin wanda motar ke sha, a leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo, sannan a tayar. In fitilar ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan kuma babu baƙon sauti, ana iya lallaɓawa zuwa gareji. In ta ƙi mutuwa, ko kuwa man a cike yake tun farko, ko ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, to sai janwe. Kuɗin jan mota bai kai kusa da kuɗin sabon inji ba, ko da na Beljiyam ne daga Ladipo ko Ƙofar Ruwa.

Lokacin da fitilar ke kunnuwa ma shaida ne da ya kamata a gaya wa bakanike. Wadda ke ƙiftawa a kwana ko lokacin taka burki galibi ƙarancin mai ne, domin man na karkata gefe ɗaya, bututu ya zuƙi iska. Wadda ke fitowa sai inji ya yi zafi yana silo a cunkoso, ta ɓace da an taka totur, tana nuni ga metal da suka sassauta, ko mai da ya tsinke, ko makunnin da ya gaji. Wadda ke daɗewa da safe kafin ta mutu kuwa sau da yawa laifin filta ce maras inganci, wadda ke barin mai ya koma ƙasa cikin dare.

Dalilan da aka fi samu

Ƙarancin mai shi ne kan gaba, ko ta yoyo daga gasket da sil, ko ta ƙonewa a cikin inji, wanda kan bayyana da shuɗin hayaƙi a salansa. Injin 2AZ-FE na Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, da ake wa laƙabi da Muscle a Nijeriya, ya yi suna wajen shan mai saboda matsalar zoben fistin, don haka mai irin wannan mota ya dace ya duba geji kowane mako.

Na biyu shi ne toshewar rariya. Man da aka bari ya wuce lokacin juye yakan daskare ya zama kamar kwalta, musamman ga motar da ke fama da ƙurar hunturu da doguwar tsayuwa a cunkoso. Akwai kuma toshewar da hannun mutum ke jawowa: bakanike ya lafta gam da yawa wajen haɗa botom filet, rarar ta ɓantare ta faɗa ciki ta like rariyar. Haka nan kaskon da ya daki dutse ko rami yakan loɓa ya matse bakin bututun.

Ingancin man kansa babban batu ne a ƙasar nan. Man da ake sayarwa a gorar ruwa a bakin titi sau da yawa ɗanye ne da ba a haɗa shi da sinadaran kariya ba, ko tsohon mai da aka tace, kuma yana tsinkewa da ya ji zafi. Hukumar SON ta sha yin samame kan jabun man inji, amma kariyar da ta fi ita ce saye daga gidan mai ko dila sananne, galan a rufe da hatiminsa. Mai na iya tsinkewa kuma idan fetur na zuba cikinsa, abin da ake ganewa da wari, ko ruwan lagireto ya gauraya da shi ya koma kalar shayi da madara.

Famfon mai kansa ba ya saurin mutuwa kamar yadda ake zato, ko da yake bawul ɗin da ke rage masa ƙarfi na iya maƙalewa a buɗe. An sha sauya famfo mai lafiya alhali metal ne suka cinye.

Gwajin da ke raba gardama

Hanya ɗaya ce tabbatacciya: a kwance oyil siwic, a ɗaura gejin auna ƙarfin mai a gurbinsa, a bar inji ya yi zafi sosai, a karanta a silo, a sake karantawa a juyi 2,000 zuwa 3,000, a kwatanta da abin da littafin motar ya tanada. Gwaji a inji mai sanyi yaudara ne, domin mai mai kauri yakan nuna ƙarfin da ba zai ɗore ba. Idan geji ya nuna lafiya, laifin na makunni ne ko wayarsa da ta goge ta taɓa jikin mota, kuma gyaran mai sauƙi ne. Makunnin da ke tsattsafo da mai ta wajen soket ya gama aiki. Idan geji ya nuna ƙasa, sai a sauke botom filet a duba rariya, a duba man ko akwai ƙyallin garin ƙarfe, kafin a kai ga famfo da metal.

Akwai dabaru biyu da ya wajaba mai mota ya ƙi. Na farko, cire wayar makunni ko ƙwan fitilar don ta daina damu. Na biyu, zuba mai mai kauri irin 20W-50 ko maganin ƙara kauri a injin da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20. Wannan na iya kashe fitilar na ɗan lokaci, amma bai mayar da ƙarfen da ya cinye ba, kuma yana wahalar da injinan zamani masu tsarin VVT-i, waɗanda ke amfani da ƙarfin mai wajen sarrafa bawul. Cika mai fiye da alamar sama ma illa ce, domin kirankishaf zai kaɗa shi ya yi kumfa, famfo kuma ba ya tura kumfa da ƙarfi.

Mai shirin sayen motar hannu, ko a Apo ko a Fanteka ko bakin iyaka, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya tabbata fitilar ta kunnu tare da sauran, sannan ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku bayan tayarwa. Idan ba ta fito ba sam, a kira mai lantarkin mota ya duba ko an cire mata waya, kuma a nemi a ɗaura geji kafin a yi maganar ciniki.