Sanƙarau: Yadda Aka Gano Hannun Garkuwar Jiki a Ɓarnar Ƙwaƙwalwa

An daɗe ana ɗauka cewa garkuwar jiki ba ta da hurumi a cikin ƙwaƙwalwa. A 1948 Peter Medawar ya dasa fata a ƙwaƙwalwar zomaye, jiki bai yi watsi da ita ba, sai ra'ayin ya ƙara samun gindin zama. Amma duk likitan da ya zuƙo ruwan ƙashin bayan mai sanƙarau, ya gan shi ya gurɓace da fararen ƙwayoyin jini, ya san akwai abin da ke kiran su can.

Da kaɗan-kaɗan aka gano masu kiran: ƙananan sinadarai ne da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna, waɗanda ake kira saitokin. Daga cikinsu, an gano intaferon a Landan a 1957, sannan TNF a Niyok a 1975. A 1985 Elaine Tuomanen ta nuna cewa ɓarɓashin bangon bakteriya kaɗai, ba tare da ƙwaya mai rai ba, yana tayar da kumburi a ƙwaƙwalwar zomo. Bayan shekara biyu Anders Waage na Norwe ya ga cewa cikin masu sanƙarau, masu TNF da yawa a jini su ne cutar ta fi kashewa.

Nan lamarin ya juya. Saitokin na sassauta shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ruwa ya kwararo, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗawa. Maganin da ke farfasa bakteriya ma yakan ƙara rura wutar a sa'o'in farko. Don haka aka fara haɗa shi da dezametason domin kwantar da kumburin. A gwajin da aka yi wa manya 301 a Turai, wanda aka buga a 2002, mace-mace sun ragu daga kashi 15 zuwa kashi 7 cikin ɗari.

Sai dai a Malawi dabarar ba ta ci ba, ga yara a 2002, ga manya a 2007. Akasarin manyan na ɗauke da ƙanjamau, da yawa kuma ba sa isa asibiti da wuri. Wannan ya fi damuna, domin yankinmu ne annobar 1996 ta fi yi wa illa, shekarar da sanƙarau ya kashe kimanin mutum 25,000 a Afirka. Ya kamata a ce a asibitocin Kano da Damagaram ake auna yadda saitokin ke aiki a jikin yaron da aka kawo bayan kwana uku yana zazzaɓi.