Yadda terabait 30 ta shige akwatin inci 3.5

1/ Jama'a, zaren yau kan rumbun ajiya ne, wato had-dis ɗin kwamfutar tebur. Akwatinsa mai inci 3.5 yana nan yadda yake tun shekarun 1980, amma abin da yake ɗauka ya ninka sau miliyan da ɗoriya. Ku biyo ni mu ga yadda aka yi.

2/ A 1956 kamfanin IBM ya fitar da na farko a San Jose ta Amurka, cikin kwamfutar RAMAC. Faifai 50, kowanne faɗin inci 24, nauyi kusan tan guda. Duk wannan ƙato bai cika megabait 5 ba. Hoto ɗaya na wayarku zai iya cinye shi.

3/ Aikinsa kamar na garmaho ne: faifai mai maganaɗisu yana juyawa, allura tana rubuta ɗigo-ɗigo tana karantawa. Sai dai ita wannan allurar shawagi take a kan iska, ba ta taɓa faifan. Tunda akwatin ba ya ƙaruwa, dole a riƙa ƙanƙanta ɗigon.

4/ Matsalar ita ce ƙaramin ɗigo ƙarfinsa kaɗan ne, allura ba ta jin sa. A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano hanyar jin maganaɗisu mai rauni sosai. A 1997 IBM ya sa ta a Deskstar mai gigabait 16.8. Su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 2007.

5/ Da can ɗigon a kwance ake jera su. Shun-ichi Iwasaki na Japan tun shekarun 1970 ya ce a tsayar da su, ai ɗaki ya fi ɗaukar mutane a tsaye. Sai 2005 abin ya iso kasuwa. A 2007 Hitachi ya fitar da terabait 1 na farko, da faifai 5.

6/ 2013: HGST ya zuƙe iskar cikin akwatin, ya ɗura hiliyam, ya liƙe. Hiliyam ta fi iska rashin nauyi kusan sau 7, faifai ba sa rawa sosai, sai aka siranta su aka cusa 7. Terabait 6.

7/ Yanzu ga wanda ya shafi aljihunku. Akwai dabarar da ake kira SMR. Layukan rubutu ake jerawa kamar kwanon rufi, gefen wannan ya hau kan wancan. Wuri ya samu, gaskiya. To amma kowa ya san in za a canza falle ɗaya a tsakiyar rufi, sai an ɗaga na kusa da shi.

8/ Haka nan ma. Gyara ƙaramin fayil sai rumbun ya sake rubuta layukan da suka hau kansa. Wajen ajiye finafinai da hotuna ba laifi. Amma in ana yi masa rubutu ba ƙaƙƙautawa, sai ya koma tafiyar hawainiya.

9/ A 2020 aka gano Western Digital yana sayar da wasu rumbunan WD Red masu SMR ba tare da ya rubuta a jiki ba. Seagate da Toshiba ma an samu irin haka a wasu nasu. Ni a ganina dabarar ba ta da aibu, ɓoyewar ce ta ɓata. Kuma su ukun nan ne kaɗai suka rage a sana'ar, ina mutum zai gudu? Kafin ku biya, ku bincika lambar samfurin: CMR ne ko SMR.

10/ Na baya-bayan nan, Seagate ya sa ɗan mitsitsin leza a kan allura, yana ɗumama wurin sama da digiri 400 a ƙasa da ƙiftawar ido kafin a rubuta. Da shi aka kai terabait 30 a 2024, kuma manyan cibiyoyin ajiyar bayanai aka fara sayar wa.

11/ Abin da bai motsa ba shi ne juyi. Barracuda na 1992 yana juyi 7,200 a minti, manyan na yau ma 7,200 ne. Rumbu mai terabait 20, ko da yana rubuta megabait 250 a daƙiƙa bai tsaya ba, sai ya ci awa 22 kafin ya cika. In ya fara ciwo, kwashe kayan ma kusan haka zai ɗauka, kuma ba lallai ya jira ku gama ba.