Bayan an daina allura: nazari kan dawowar ƙiba daga unguwar Gorton

A watan Oktoba na 2024 aka sanar da wani gwaji na shekara biyar da za a yi a Manchester da kewayenta, wanda zai haɗa mutane har 3,000, domin a ga abin da allurar tirzepatide, wadda ake sayarwa da sunan Mounjaro, za ta iya yi a hannun likitocin unguwa. Kamfanin Eli Lilly mai yin maganin ne ya haɗa kai da Jami'ar Manchester da cibiyar Health Innovation Manchester. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, bai ɓoye abin da yake hange ba: idan masu ƙiba da ciwo ya zaunar a gida suka sami sauƙi, wataƙila su koma bakin aiki.

In ana neman inda wannan magana za ta sauka, Gorton ce. Unguwa ce a gabashin Manchester, tsohon gidan maƙeran jiragen ƙasa. Kamfanin Beyer, Peacock ya ƙera kawunan jirgi a nan daga 1854 har ya rufe a 1966, kuma bayan tafiyar masana'antu unguwar ta faɗa cikin masu fama da talauci, a birnin da ƙididdigar gwamnati ta 2019 ta sa a matsayi na shida wajen rashi a duk Ingila. Yau 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Asiya na cikin mazaunanta. A 2022 aka buɗe ginin Gorton Hub a titin Garratt Way, inda likitan unguwa da laburare da ofishin masu neman aiki suke ƙarƙashin rufi ɗaya. Wato tunanin Streeting, na haɗa lafiya da aiki, ya riga ya zama gini a Gorton. Sai dai kowa na maganar yadda allurar ke zabge nauyi, kaɗan ne ke tambayar abin da zai biyo baya ranar da aka daina ta. Wannan tambaya kuwa tana da amsa, kuma amsar ta girmi Mounjaro da shekara talatin.

Phentermine, tsohuwar ƙwayar kashe yunwa, ta sami izini a Amurka tun 1959, amma don amfanin 'yan makonni kawai. A 1992 Michael Weintraub na Jami'ar Rochester ya wallafa sakamakon bin mutane 121 na tsawon shekara huɗu, waɗanda aka haɗa musu phentermine da fenfluramine. Duniya ta ji rabin labarin, cewa haɗin yana ramar da mutum, ta yi masa rubdugu. Ɗaya rabin yana cikin binciken nan ɗin: da aka janye maganin, nauyin mutanen ya koma dab da inda ya faro. A watan Satumba na 1997 aka janye fenfluramine daga kasuwa bayan likitocin asibitin Mayo sun gano yana lalata ƙofofin jini na cikin zuciya. Rimonabant ya zo Turai a 2006, aka dakatar da shi a 2008 saboda tsananin damuwa da tunanin kashe kai da yake jawowa. Sibutramine, wanda mutanen Birtaniya suka sani da Reductil, ya bi sahu a Janairun 2010, bayan an ga yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu rauni. Kowanne da irin laifin da ya kashe shi. Abin da suka yi tarayya a kai ɗaya ne: muddin ana sha, nauyi na ƙasa, da an ajiye, ya juyo.

Dalilin haka a jikin mutum yake, kuma an auna shi. A 2011 masu bincike a Melbourne ta Ostireliya, ƙarƙashin Joseph Proietto, sun sa mutane 50 a kan tsukakken abinci na mako goma, suka sauke kimanin kilo 13 da rabi. Bayan shekara guda aka sake gwada jininsu. Ghrelin, sinadarin da tumbi ke aikawa ƙwaƙwalwa da saƙon yunwa, yana nan sama da yadda yake kafin a fara. Leptin, wanda kitse ke fitarwa don shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, yana ƙasa. Mutanen da kansu sun ce sun fi jin yunwa. Wani lissafi da Kevin Hall da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2016 ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya sauke yana ƙara masa marmarin abinci da kimanin kalori 100 a rana. Wanda ya sauke kilo 15 ke nan jikinsa na roƙon ƙarin abincin da ya haura cikakken kwano kullum. Jiki kuma yana rage abin da yake ƙonawa, amma wannan ƙaramin alhaki ne in an gwada shi da yunwar. Jiki bai ɗauki ramewa a matsayin nasara ba. Fari yake gani, sai ya shiga tanadi.

Sababbin alluran, semaglutide da tirzepatide, suna kwaikwayon sinadaran da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, su shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, su kuma jinkirta fitar abinci daga tumbi. Sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. A gwajin STEP 1, wanda John Wilding na Jami'ar Liverpool ya jagoranta aka wallafa a 2021, mutane 1,961 suka shiga. Masu semaglutide sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuwa kashi 2.4. Amma allurar tana danne saƙon yunwa ne, ba ta goge shi. Da aka ci gaba da bin mutane 327 daga cikinsu bayan an daina, waɗanda suka sauke kashi 17.3 sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a shekara ɗaya. Hawan jininsu ma ya koma gidan jiya.

Akwai hanzarin da za a iya kawowa a nan, kuma mai nauyi ne: a wancan binciken an janye allura, an kuma janye shawarwarin abinci da motsa jiki lokaci guda, don haka ba a san wanne ya jawo ba. Gwaje-gwaje biyu sun rufe wannan ƙofa. A STEP 4, bayan mako 20 kowa na kan semaglutide, aka raba mutane 803 gida biyu, aka kuma ci gaba da yi wa kowa nasiha kan ci da motsi. Waɗanda suka zarce da magani sun ƙara sauke kashi 7.9, waɗanda aka musanya musu da allurar wofi sun ƙara kashi 6.9 cikin mako 48. A SURMOUNT-4 an yi haka da tirzepatide: mutane 670 da suka sauke kusan kashi 21 a mako 36, masu ci gaba suka ƙara sauke kashi 5.5, waɗanda aka yanke wa suka hau da kashi 14 a shekara. Nasihar ba ta tare komai ba. A yi adalci dai, waɗanda aka yanke wa ɗin sun ƙare gwajin da kusan kashi 10 ƙasa da inda suka faro, kuma wannan matsakaicin lissafi ne, a cikinsa akwai tsirarun da suka riƙe yawancin abin da suka samu. Amma lokacin da aka rufe littafi nauyin nasu hawa yake yi, bai tsaya ba.

Ma'anar wannan a wurin likitoci a fili take. Babu mai hawan jini da zai sha ƙwaya wata shida, awo ya yi kyau, ya ajiye, sannan in jinin ya sake hawa a ce ya cika son jiki. Ƙiba irin wannan ciwo ce, kuma shaidar da ake da ita ta dogon zango tana goyon bayan zarcewa: a gwajin SELECT na mutane 17,604 masu ciwon zuciya, masu semaglutide sun riƙe ragin kimanin kashi 10 har shekara huɗu, kuma bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa daga gare su sun ragu da kashi 20.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin da ake ba da maganin bai yi daidai da wannan ilimi ba. NICE, hukumar da ke yanke irin maganin da asibitocin gwamnati na NHS za su biya, ta amince da Wegovy, wato semaglutide, a watan Maris na 2023, amma ta ƙayyade shekara biyu, kuma a asibitin ƙwararru. Hujjarta ita ce gwajin da ya fi tsawo a lokacin na shekara biyu ne, kuma asibitocin ba sa riƙe mutum fiye da haka. Hujja ce ta ofis, ba ta jiki ba. Da aka zo kan Mounjaro a Disambar 2024 ba a sa wa'adi ba, sai aka tsuke ƙofar shiga. Mutanen da suka cancanta a Ingila sun kai miliyan 3.4, amma 220,000 kaɗai aka tsara ba wa a shekara uku na farko. A matakin farko, daga 23 ga Yuni 2025, an ba likitan unguwa damar rubuta shi ga wanda ma'aunin BMI ɗinsa, lissafin nauyi a kan tsawo, ya kai 40, kuma yana da huɗu daga cikin cututtuka biyar: ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, yawan maiƙo a jini, da ɗaukewar numfashi cikin barci. Ga baƙar fata da 'yan Asiya an sauke ma'aunin zuwa 37.5, domin ciwon suga na kama mu tun ƙibar ba ta kai ta Bature ba. Bahaushen da ke zaune a Gorton ya kamata ya san wannan kafin ya shiga wurin likita.

Sauran jama'a, waɗanda su ne mafi rinjaye, daga aljihunsu suke saya, galibi a kemis na intanet. A nan ne lissafin Gorton ya bambanta da na unguwannin masu hali. Daga 1 ga Satumba 2025 Eli Lilly ya ɗaga farashin Mounjaro mafi ƙarfi daga fam 122 zuwa fam 330 na mako huɗu. Manyan kemis na samun rangwame, don haka abin da mai saye ke biya kan yi ƙasa da haka, amma a kan farashin takarda kuɗin ya haura fam 4,000 a shekara. Mai aiki a kan mafi ƙarancin albashi na 2025, fam 12.21 a awa, sai ya yi kimanin awa 27 kafin ya haɗa kuɗin allurar mako huɗu, ga haya, ga wuta, ga 'yan uwa a gida da ke jiran aike. Wanda NHS ta rubuta wa kuwa fam 9.90 zai biya, ko ma kyauta in yana karɓar tallafi. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya ƙoƙartawa ya sayi na wata huɗu ko shida, ya rame, kuɗi su ƙare, ya daina. Gwaje-gwajen da ke sama sun riga sun faɗi abin da zai same shi. A ganina wannan ne babban lahanin tsarin: yana sayar wa talaka farkon magani, ya bar wa mai kuɗi ci gabansa.

Kuma ramar ba kitse kaɗai take ɗauka ba. A wani ɓangare na STEP 1 da aka ɗauki hoton jikin mutane 140, kusan kashi 40 na abin da ya tafi ba kitse ba ne. Tsoka ce da ruwa da makamantansu. Ga dattijo ko dattijuwa wannan abin dubawa ne, domin tsokar da ta zube ba ta dawowa sai da aiki.

Mu Hausawa kuma muna da namu ƙarin nauyin. A al'adarmu cikar jiki alamar hutu ce, rama kuwa abin tambaya ce: lafiya dai? A Kano da Katsina har yau akwai matan da ke shan ƙwayoyin sa ƙiba, irin su dexamethasone da cyproheptadine, ba da izinin likita ba. Matar da ta yi allura a ɓoye ta sauke kilo 15 za ta sha "me ya same ki?" a gidan suna, in nauyin ya dawo kuma a ce ta murmure. Ba za ta sami mai tayar mata da hankali ta koma wurin likita ba, alhali suga da hawan jinin da suka lafa sun dawo tare da jikin.

Abin da ya nuna alamar rage gudun dawowar, a gwaji na gaskiya, shi ne motsa jiki mai tsari, ba na fatar baki ba. A Kopenhagen, Signe Torekov da abokan aikinta sun raba mutane 195 da suka riga suka rame gida huɗu: masu allurar rage ƙiba ta liraglutide kaɗai, masu motsa jiki kaɗai ƙarƙashin mai horarwa, masu haɗa biyun, da waɗanda aka yi wa allurar wofi. Bayan shekara guda aka daina komai, aka sake auna su bayan wata shekarar. Waɗanda suka yi motsa jiki sun fi riƙe abin da suka samu. Masu allura kaɗai su suka fi saurin hawa. Bambancin wannan da nasihar da ta gaza a STEP 4 shi ne an yi shekara ana gumi tare da mai lura, har abin ya zama jiki. Gorton ba ta rasa fili ba, ga Debdale Park da madatsun ruwanta, ga tsohuwar hanyar jirgi ta Fallowfield Loop da aka mayar ta masu keke da tafiya a ƙasa. Abin da ke wuya shi ne lokaci ga mai aikin dare, da mai horarwa, da jure duhun ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba.

A watan Agusta na 2025 NICE ta fitar da ƙa'idar cewa duk wanda ya gama maganin rage ƙiba a bi shi da shawara da awo na aƙalla shekara guda. Amincewa ce a hukumance cewa ranar dainawa tana cikin jinya. Amma ƙa'idar ta fi kama waɗanda ke hannun NHS, su ne kuma tsiraru. Wanda ya saya a intanet ya daina don kuɗi sun ƙare, babu wanda aka ɗora wa alhakin kiransa. Gwajin Manchester zai auna yawan zuwa asibiti, da kamuwa da ciwon suga, da kwanakin da aka yi ba a je aiki ba, kuma sai wajen ƙarshen wannan goman shekarun zai kammala. Kafin nan, mutumin Gorton da ke shirin fara allura da kuɗinsa yana da tambayoyin da zai iya yi wa likitan da ke Garratt Way tun yau: ko ma'aunin BMI ɗinsa ya shigar da shi layin NHS, da kuma abin da za a yi da magungunansa na suga da hawan jini, waɗanda aka rage masa lokacin da ya rame, a watannin farko bayan ya daina.