Rundunar Tsaron Sama ta Makurdi: asalinta da inda ta kwana

Kwanakin baya gardama ta kaure a teburin mai shayi nan Sabo: idan jirgin yaƙin wata ƙasa ya kutso sararin Najeriya, wa zai tare shi? Wani ya ce sojojin Odogbo, wani ya ce Allah ne kawai gatanmu. Shi ya sa na tattaro wannan bayani. Wannan aiki yana wuyan wata runduna ta sojojin sama da ke Makurdi, jihar Binuwai, wadda ake kira 101 Air Defence Group, a da kuma 64 Air Defence Group.

Mafari

An kafa rundunar sojan sama ta Najeriya a 1964, kuma Bajamushe ne shugabanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya. Biyafara kuwa ta samo wani tsohon jirgin jefa bam samfurin B-26, wanda wani sojan haya ɗan Folan, Jan Zumbach, yake tuƙawa, kuma filin jirgin Makurdi na cikin wuraren da ya fara kai wa hari. A Agustan shekarar, lokacin da sojojin Biyafara suka iso har Ore, tafiyar 'yan sa'o'i daga Ibadan, Tarayyar Sobiyet ta sauke jiragen MiG-17 a Kano. Matuƙa daga Masar ne suka riƙa tuƙa su da farko. A Oktoba wani jirgin fasinja samfurin Fokker da Biyafara ta mayar na jefa bam ya tarwatse a saman Legas. A Mayun 1969 kuma wani ɗan Siwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya zo da ƙananan jirage biyar kacal, ya yi ɓarna a filayen jirgi na Fatakwal, Benin da Inugu.

Darasin a fili yake: ƙasar da samanta yake buɗe, ko ƙaramin jirgi sai ya wahalar da ita.

Jiragen da ta riƙe

Daga 1975 aka fara kawo MiG-21, mai gudun da ya zarce na sauti, wanda aikinsa shi ne ya tashi da gaggawa ya tare jirgin abokan gaba kafin ya iso. Makurdi ce ta zama gidansu, kuma garin yana kusa da tsakiyar ƙasa. Amma sayen jirgi daban, riƙe shi daban, kamar dai saniya: ba kuɗin saye ba ne wuya, ciyarwa ce. Rashin kayan gyara ya sa jiragen suka daina tashi.

A 2005 gwamnatin Obasanjo ta yi odar jirage 15 daga Sin: F-7Ni guda 12, da na horo guda 3. Haɗurra sun ci da yawa a cikinsu. A ranar 28 ga Satumba 2018 biyu suka yi karo a Abuja ana atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi Bello Baba-Ari ya rasu. Allah ya jiƙansa. A Mayun 2021 aka ƙaddamar da JF-17 guda 3 daga Pakistan a Makurdi.

Inda aka kwana

An tanadi jiragen ne don faɗa da jirage, sai ga shi abokin gaba yana ƙasa. An tura F-7Ni yaƙi da Boko Haram a arewa maso gabas. A Yulin 2021 'yan bindigar Zamfara suka harbo wani Alpha Jet daga ƙasa, matuƙin ya tsira. Yanzu kuma mayaƙan ISWAP suna amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi, waɗanda ke tafiya ƙasa-ƙasa, jirgi mai tsananin gudu bai dace da farautarsu ba.

Mu da shanunmu ke fitowa daga Zamfara, Yobe da Borno zuwa karar Akinyele, wannan ba labarin nesa ba ne. Duk ranar da hanya ta rufe a can, a nan muke ganinta a farashi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.