'Yan Dako Da Leburori A Tarihin Kafanchan

Duk lokacin da aka zauna ana ba da labarin garin nan, sarakuna da attajirai da malamai ake lissafawa. Ni kuwa yau ina so mu tuna da mutanen da suka ɗauki garin a kan gammo, wato 'yan dako da leburori, masu fita da asuba ba su san abin da za su koma gida da shi ba.

Kowa ya sani jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi, a nan ya rabu biyu a 1927, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan. To amma wa ya fasa dutsen, wa ya zuba ƙasar, wa ya jera ƙarfen? Leburori ne, Hausawa da Bajju da Kagoro da Kaninkon da Fantswam da Ibo, ana biyansu da kwabbai. Kakanninmu da yawa ba da jari suka zo ba, da ƙarfinsu suka zo. Sai da suka yi dako suka tara, sannan suka kafa tebur.

Daga nan ne aka samu ma'aikata iri biyu. Akwai na reluwe, masu albashin wata da kwatas da fansho. Su suna da ƙungiya, har a 1945 suka shiga babban yajin aiki a ƙarƙashin Michael Imoudu, gwamnati ta saurare su. Akwai kuma na bakin tasha, masu sauke goro da manja daga taragu, su loda fatu da hatsi. Waɗannan ba sunansu a littafin kowa. In jirgi ya iso a ci, in bai iso ba a kwana da yunwa.

Amma iyayenmu ba su bar su haka nan ba. Fatoma ko maigida yakan ba baƙo zaure ya kwana, a fito masa da tuwon dare. In ya kwanta ciwo, 'yan kasuwa su haɗa kuɗin magani. In ya rasu, a yi masa sutura, a aika wa danginsa. Na tashi na tarar da wani dattijo da ke yi wa mahaifina dako. Ran da bayansa ya ƙi, mahaifina ya ba shi tsaron sito, kuma bai yanke masa komai ba har Allah ya karɓi abinsa. Wannan ita ce fanshon talaka a wancan zamani.

Sannu a hankali al'amura suka juya. Bayan 1986, zamanin SAP, jirgi ya yi ta raguwa har tasha ta koma kufai. 'Yan dako suka koma tashar mota da ɗaukar buhunan citta, wasu suka kama turin baro da ga-ruwa da kwaɓa siminti. Ga kuma fitintinu, na 1987 da 1999, da na Afrilun 2011 da aka ƙone kasuwa. Mu 'yan kasuwa an rubuta asararmu. Wanda jarinsa wuyansa ne fa, wa ya rubuta tasa? Kwana uku na dokar hana fita, shi kwana uku ne ba girki, ko Musulmi ne ko Kirista. Haka aka sake gani a kullen korona na 2020, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sannan cutar da ta lalata citta a daminar 2023 ta raba masu tsaga da shanya da lodi da abincinsu. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ɗan dako bai san ana yi ba, don ba shi da albashin da za a ƙara.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, mu biya ɗan dako nan take, kamar yadda malamanmu suka koyar, tun guminsa bai bushe ba. A daina cewa "dawo gobe" a kan ɗari biyar. Na biyu, a rubuta sunayen masu aikin yini a kowane layi na kasuwa, ba tare da duba ƙabila ko addini ba, a taimaka masu su kafa adashinsu. Na uku, kowane mai shago ya riƙa ajiye wani abu a kan kowane buhun da aka ɗaukar masa, a tara a asusu guda don ciwo da ranar da kasuwa ba ta ci ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne, abin da iyayenmu suka yi ne a zaure, mu za mu mai da shi littafi. Ai da tsohuwar zuma ake magani. Kuma wanda yake zaune a shago yau, ya tuna kakansa da gammo ya shigo garin nan.

Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya, amin.