Take da Dandali: Waiwaye a Kan Wasannin Talabijin na Da



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bincika dalilin da ya sa dattijo a gari irin Kafinsoli, ta ƙasar Kankiya, zai iya manta labarin wasan da ya kalla shekara 40 da suka wuce, amma kiɗan da ake buɗe wasan da shi yana nan daram a kunnensa. A ganina, amsar tana cikin wata tsohuwar al'adarmu, wato take.

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya san take. Sarki yana da nasa a tambari da algaita, ɗan dambe yana da nasa a kalangu, manomi kuwa a gangar noma. Aikin take shi ne ya ambaci mai shi ba tare da an buɗe baki ba, ya kuma kira jama'a. Saboda haka da talabijin ta zo da kiɗan buɗe shiri, ta tarar da kunnen da aka riga aka horar.

Talabijin ta fara aiki a Kaduna cikin 1962, a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa. A 1977 aka kafa hukumar NTA, wadda ta haɗa gidajen talabijin na ƙasar nan wuri guda, sa'an nan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980. A wannan tsakani ne wasan kwaikwayo ya bunƙasa. Daga Kaduna aka sami Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda ya mai da Hausar bariki abin raha, da Karambana na Ƙasimu Yero. Kano ta fito da Kuliya Manta Sabo, Sakkwato da Idon Matambayi, Jos kuma da Karkuzu. A Jos ɗin ne aka shirya Cock Crow at Dawn cikin 1980, wasan Turanci a kan noma, wanda Bongos Ikwue ya yi wa waƙar buɗewa, Ƙasimu Yero kuma ya fito a ciki. Har wanda bai ji Turanci ba ya san wannan kiɗa.

To, yaya mutanen karkara suka kalli waɗannan wasanni? Kafinsoli tana cikin Jihar Kaduna a lokacin, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Akwatin talabijin abu ne mai tsada, ba kowane gida ke da shi ba. Inda akwai shi, akan fito da shi ƙofar gida bayan magariba, yara a gaba bisa tabarma, manya a baya. Tasha ba ta kwana tana aiki, shiri kuma sau ɗaya yake zuwa a mako. Wanda ya makara ya yi asara. Da an ji kiɗa ya tashi, sai a bar abin da ake yi a sheƙo. Ashe ke nan kiɗan ya gaji aikin gangar da ke kiran 'yanmata da samari dandali.

Wannan zama ya fara watsewa daga 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kaset ya mai da kallo cikin ɗaki, wayar hannu kuma ta mai da shi tafin hannun mutum ɗaya. Fim ɗin yau yana da waƙoƙi barkatai, amma wanda ke kallo a duk sa'ar da ya ga dama ba ya bukatar a kira shi. Don haka in dattijo ya ce yana begen wasannin da, rabin begen nan na mutanen da ya zauna da su ne a tabarma.

Sai dai bege kaɗai ba ya adana tarihi. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi a 2023. Gidajen talabijin sun sha goge tsohon kaset don su ɗauki sabon shiri a kansa, wasu kuma zafi da ƙura sun cinye su. Ya wajaba sassan Hausa na jami'o'inmu su nemi abin da ya saura a Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos, a kwafe shi, a rubuta sunan makaɗin kowane take da kayan kiɗansa. A kuma tura ɗalibai garuruwa irin su Kafinsoli da Kusada, su ɗauki bayanin waɗanda suka yi kallon tun suna da rai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

 Allah ya sa mu dace.