Tasirin ruwan narkarwa a wajen haɗa kopolima

Kopolima sinadari ne mai doguwar sarƙa da ake ƙerawa daga ƙananan ƙwayoyi iri biyu, waɗanda ake kira monoma. Da shi ake yin fentin gida da gam da wasu magungunan tace ruwan famfo. A hanyar da masana'antu suka fi bi, bakin sarƙar yana ɗauke da elektiron guda marar abokin zama, wato radikal, wanda ke cafke monoma ɗaya bayan ɗaya.

A 1944 Frank Mayo da Frederick Lewis a Amurka suka fitar da lissafin da ke nuna wace monoma radikal ya fi son kamawa. An daɗe ana ɗauka cewa ruwan da aka narkar da monomomin a ciki ɗan kallo ne kawai, tunda radikal ba shi da caji. Ga haɗin stirin da metil metakrilet hasashen bai yi nisa da gaskiya ba, amma ga monomomin da ke riƙe ruwa ko ke iya ɗaukar caji ya rushe.

Misali mafi bayyana shi ne asid na akrilik da akrilamaid a cikin ruwa. Idan ruwan yana da tsami sosai, asid ɗin ne ke rige shiga sarƙa. Da zarar an kashe tsamin, ƙwayoyinsa sukan ɗauki caji iri ɗaya su riƙa ture juna, sai akrilamaid ya yi rinjaye. Kayan haɗi ɗaya ne, amma abin da ya fito daga tukunya daban, kuma ƙarfinsa na dunƙule laka a matatar ruwa ya dogara da wannan rabo. Saurin ma yana sauyawa: asid na metakrilik da aka tsinka da ruwa mai yawa sarƙarsa tana tsawo da saurin da ya kai kusan ninki 10 na wanda ba a tsinka ba.

H. James Harwood ya kawo wani bayani a 1987, cewa wani lokaci ba halin radikal ke canzawa ba, ruwan narkarwa ne ke sa wata monoma ta fi taruwa a gefen sarƙar.

Akwai kuma batun tsaro. Idan haɗin ya yi kauri, sarƙoƙi sukan kasa haɗuwa su tsayar da juna, sai aikin ya ƙara gudu, zafi ya taru har ya iya fasa tukunya. Ruwan narkarwa yana rage kaurin, yana kuma kwashe zafin.